Zakiya, Maganin Baƙin Ciki

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ba da tabarma ba, ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya halicci giwa ya ba ta daji, ya halicci tsutsa ya ba ta cikin ɗan Adam.

Tasalla ƙawata, ajiye faifan nan ki matso kusa. Shekara uku kina tambayata inda na samo Zakiya, ni kuma ina ce miki bayan gulbi bakwai. Gulbi bakwai gaskiya ne, da goyo a bayana na ƙetare su. Sauran labarin ne na riƙe, yau kuma ya yi mini nauyi.

Kin tuna yadda autata Delu ta koma a shekarar da ta cika biyar. Ciki kamar tulu, ƙafafu kamar sillen kara. Ta ci tuwo ta nemi ƙari, amma ba ya zama a jikinta. Sau biyu na kama ta tana ɓantarar katanga tana ci. Ranar da na gan su da idona a bayan gida, farare, dogaye kamar zaren saƙa, sai na gane ba Delu nake ciyarwa ba. Na ba ta tafarnuwa, na ba ta kanwa. Suka lafa kwana biyu, suka dawo da danginsu.

Sai na tuna da takardar kakata Iya Gwamma, tsohuwar ungozomar garin nan namu na Dunkum, wadda ta bari soke a jinkar madafa. Karatuna kin san iyakarsa. Ta bayan zana na tsince shi, ana biya wa yayyena maza ina daka, in an tashi in zana harufan da gawayi a gindin murhu. Ba ni da sauri, amma abin da na gani shi nake faɗa. Ga abin da ke jikin takardar: "Idan tsutsa ta zauna a cikin yaro, a ba shi Zakiya, safiya uku, kafin ya karya."

Shi ke nan. Ba ta ce ganye ne ba, ba ta ce saiwa ce ba.

Na kai wa Malam maigidana. Ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ya ce, "Wannan kalma ce mai zurfi."

Na ce, "Me take nufi, Malam?"

Ya ce, "Zurfin nata ne ya sa ba a faɗa wa mata."

Na ce to ko zai je ya nemo mana ita. Nan take gwiwarsa ta motsa, gwiwar nan da ba ta ciwo sai an ambaci tafiya. Ya dai ba ni izini, Allah ya saka masa. Ya kuma raka ni har bakin gari, gindin itacen nan da muke kira Sosa-akuya, inda kowane mai rakiya yake juyawa. Ya jingina da shi yana yi mini nasiha a kan haƙuri, yana ɓantarar ɓawonsa da farce yana yarwa. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na kama hanya. Na ƙetare gulbin da ke gudu gabas da safe ya koma yamma da la'asar, har masu kwalekwalensa ba sa tuƙi, jira kawai suke yi. Na ratsa ƙasar mutanen da ke shuka inuwa da damina su girbe ta da bazara. Na yi azahar a kan wani dutse mai numfashi, in na yi sujada ya ɗaga ni, in na ɗago ya sauke ni. Duk inda na tambayi Zakiya sai a nuna mini gaba.

Bayan gulbi na huɗu na iske wata kasuwa, a tsakiyarta wani mai magani da ake kira Mai-komai, ya baza ƙulle-ƙulle sun fi ɗari.

Na ce, "Bawan Allah, kana da Zakiya?"

Ko ƙifta ido bai yi ba. Ya ce, "Ta tudu ko ta fadama?"

Zuciyata ta yi sanyi, har na miƙa hannu. Sai na lura duk ƙullin da ya kwance wa mutane gari ɗaya ne, ja-ja, mai ƙanshin jar ƙasa. Na ce, "To Kyalla fa, kana da ita?"

Ya ce, "Saura ƙulli ɗaya, kin taki sa'a."

Na ce, "Kyalla akuyata ce, bara kura ta cinye ta."

Ya ce, "Shi ya sa take wuyar samu, baiwar Allah."

Na gyara goyona. Da ya ga ba ciniki, ya ce in ma'anar kalma nake nema ba magani ba, in nufi Birnin Tawada, can ne ake kiwon kalmomi kamar yadda ake kiwon shanu.

Tasalla, ban taɓa ganin gari irinsa ba. Magudanansa baƙaƙe ƙirin saboda wankin alƙalami, kajin garin ma da baƙaƙen ƙafafu ake ƙyanƙyashe su. A bakin ƙofa mai gadi ya tare ni ya karanta mini doka.

Ya ce, "A garin nan in kin yi zagi, za a yi miki nasiha. In kin yi sata, za a rubuta littafi a kanki. Amma ranar da kika ce 'ban sani ba', a ranar za a jefa ki waje, ke da duk abin da kika taɓa."

Na ɗauka wasa ne, sai da na tambayi hanyar babban zaure. Mutum goma sha ɗaya na tambaya, kowa ya nuna mini da tabbaci, na wuni ina kewaya rijiya ɗaya.

Malaman garin, duk littafin da mutum ya rubuta sai a ƙara masa naɗi ɗaya a rawani. Manyansu biyu ne, Shehu Gwadabe da Shehu Ɗanlasan, kowanne da sanduna biyu masu gwafa yake tokare rawaninsa kada ya karya masa wuya. Na durƙusa na gaishe su, na miƙa takarda.

Shehu Gwadabe ya duba, ya ce, "A fili take. Zakiya daga zaki. Tsutsa dabba ce, zaki sarkin dabbobi, in ta ji rurinsa dole ta fito ta yi gaisuwa."

Shehu Ɗanlasan ya yi murmushin tausayi. Ya ce, "Tsufa ya fara taɓa ɗan'uwana. Zakiya daga zaƙi. A cika tsutsa da zaƙi har ya ginshe ta, ta fita da kanta."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ai kaf na gani a rubuce, zaƙi kuwa da ƙaf ne."

Ya dube ni ta ƙarƙashin rawani. "Wa ya koya miki karatu?"

Na ce, "Bayan zana."

Ya ce, "Ga alama nan."

Kafin la'asar gari ya rabu biyu, da 'yan zaki da 'yan zaƙi, har an fasa wa wani kai da kwalbar tawada. Aka yanke a gwada a kan Delu. Na yarda, Allah ya yafe mini, don uwar da ɗanta ke narkewa a bayanta kowace ƙofa ta gani shiga take yi.

Aka fara da zaki. Suna da guda ɗaya a keji bayan zaure, wanda aka rubuta littafi arba'in a kan jaruntarsa. Na same shi kwance, haƙori biyu suka rage masa, haƙarƙari a waje, ciki a kumbure. Delu ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Inna, shi ma cikinsa irin nawa ne." Aka zungure shi da sanda, aka yi masa kirari. Ya buɗe baki ya yi hamma, ya koma barci. Shehu Gwadabe ya sa aka rubuta cewa hamma ruri ne da ya nufi ciki, don haka magani ya isa inda ake so.

Sai aka miƙa mu ga Shehu Ɗanlasan. Kwana bakwai ana ɗura wa Delu zuma da nakiya da ruwan rake. Kwana biyun farko ta ɗauka Aljanna aka kawo ta. A na huɗu ta kasa zama. A na bakwai ta daina kirana da baki, sai da ido. In na ɗora hannu a cikinta ina jin su suna juyi, sun yi ƙiba, biki ake musu.

Na koma zaure na ce a ba ni takardata in tafi. Suka ce ba zai yiwu ba, yarinya da takarda sun zama hujja, ba za su fita daga gari ba sai an gama muhawara. Na tambayi wani magatakarda yaushe ake gamawa. Ya ce ta baya, wadda aka yi a kan ko ƙwai yana da gaba da baya, shekara arba'in ta ɗauka, kuma an yi sauri.

Na zauna a ƙarshen zaure a kan 'yar tabarma, Delu a cinyata, ina jan abin da ya sauwaƙa a zuci. Ban roƙi komai ba sai a nuna mini ƙofa.

To zumar nan da aka jibge ta tara ƙudaje, zauren har gunji yake. Ina kallo wani ƙuda ya sauka a kan littafin da magatakarda ke karanta wa jama'a. Ya murza hannuwa kamar mai alwala, ya tsuguna, ya tashi, ya bar ɗan baƙin abu. Magatakarda ya iso wurin, ya karanta da ƙarfi: "Idan zana ta fito daga gabas."

Na san rana aka rubuta. Kowa a zauren ya san rana ce ke fitowa daga gabas. Amma Shehu Gwadabe ya gyaɗa rawani ya fara bayanin irin zanar da magabata ke gani da asuba, Shehu Ɗanlasan ya ce ba zanar gamba ba ce, ta kara ce.

Ke ba ki yi karatu ba, Tasalla, bari in nuna miki a ƙasa. Ga ra, 'yar lanƙwasa kamar lauje. Ga zaira, ita ce dai, sai ɗigo ɗaya a ka. Sai na tuna da Zakiya. Shekara nawa takardar Iya Gwamma ta yi a jinkar madafa, inda ƙudaje ke wuni?

Na ce, "Allah gafarta Malamai, a bar ni in yi bankwana da rubutun kakata."

Suka miƙo mini. Na kai ta bakin taga. Tawadar Iya Gwamma hayaƙi ya mai da ita ja, amma ɗigon da ke kan harafin farko baƙi ne, ya ɗan taso. Na sa farce na kankare. Ya faɗi.

Na karanta a hankali, yadda na saba. "A ba shi rakiya."

Zaure ya yamutse. Wani ya ce na saci ɗigo, wani ya ce na kashe harafi. Shehu Ɗanlasan ya miƙe, sandunansa na rawa, ya ce, "To ke malamar bayan zana, in rakiya ce, mece ce rakiya a fannin magani? Faɗa wa jama'a."

Na dubi Delu, na dubi ƙofa. Ka ga ikon Allah, abin da zai fitar da ni shi ne gaskiyar da ke bakina. Na ɗaga murya yadda na bayan zaure zai ji, na ce, "Ban sani ba."

Rawanin Shehu Gwadabe ya zame daga kan gwafa ya warware har bakin ƙofa. Wasu suka toshe kunne. Kafin in gyara ɗankwali an tura ni waje, an jefo mini takarda da tsinken kara don kada wani ya taɓa ta, an biyo ni da tabarmar da na zauna a kai. Tabarmar nan ce kike zaune a kanta yanzu, mai kyau ce.

Na fita da kalma, amma ban fita da magani ba. Rakiya kowa ya san ta, baƙo ake yi wa. Yaya za a jiƙa ta a ba yaro? Na ƙetare sauran gulabe uku ina juya ta a baki. Delu ta yi sakayau a bayana, har nakan kai hannu in taɓa don in tabbata ba zane kaɗai na goya ba.

Ranar da ƙafata ta ƙi, na faɗa wani ƙauye da ake kira Tudun Alkunya. Mutanensa ba sa kiran mummunan abu da sunansa. Ɓarawo a wurinsu mai aro ne, mahaukaci kuwa mai nisan tunani. Wata tsohuwa, Goggo Tabawa, tana sussuka a ƙofar gida, ta ba ni ruwa, ta ɗaga zanen goyona ta duba.

Ta ce, "Yarinyar nan baƙin ciki gare ta."

Na ce, "Goggo, ni ce mai baƙin ciki. Ita ciwo ne da ita."

Ta ce, "Ba baƙi irin na tawada ba, 'yar nan. Baƙi masu zuwa. Waɗanda ke sauka ba sallama, su ci ba godiya. Me kika yi musu?"

Na lissafa mata, tun daga tafarnuwa har zuma.

Ta ce, "Kin kore su, sun ji haushi sun shige ƙurya. Kin kai su gaban zaki, sun sha kallo. Kin yi musu walima, sun aika a kira na gida. Wa ya ce miki haka ake sallamar baƙo? Rakiya ake yi masa."

Na ciro takarda na karanta mata. Ta sa na maimaita sunan mai rubutun.

Ta ce, "Gwamma? Doguwa mai wushirya? Bayan gidan nan aka haife ta. Aure ya kai ta wani gari can da aka ce mutanensa ba sa jin magana."

Na ce ban san garin ba. Wannan kam na yi istigfari a kansa.

Ta ɗauki 'yar wuƙa ta ce in biyo ta. Muka bi hanyar fita gari, tana tafe tana ba ni asali. Ta ce tun zamanin kakannin kakanninta, mata suka lura matafiyi ne ya fi kwaso baƙin ciki, saboda ruwan hanya. Sai suka dasa wani itace a daidai inda mai rakiya yake juyawa, don in an zo rabuwa a sassaƙa wa matafiyi ɓawonsa ya tafi da shi. Duk 'yar da aka kai aure wani gari, da irinsa take tafiya ta dasa a bakin garin. Da haka itacen ya ci sunan rakiya, jiƙonsa ma rakiya, aikinsa kuma rakiya, tunda har ƙofa yake kai su.

Ta ce, "Ga shi nan."

Na ɗaga kai. Ganye ƙanana masu toka-toka, ɓawo mai saɓa kamar bayan ƙadangare, gindi ya yi sulɓi. Wata akuya ta jingina da shi tana sosa baya, ta lumshe ido.

Tasalla, na zauna a ƙasa. Na tuna Malam yana yi mini nasihar haƙuri yana yar da maganin 'yarsa ɓantare bayan ɓantare. Dariya ta zo mini tare da kuka, na rasa wanda zan fara.

Goggo ta sassaƙa daga gefen gabas, ta jiƙa a sabuwar tukunya. Da safe ta auna ɗan ludayi, ta ce na yaro ba ya wuce haka. Ɗacinsa ya sa Delu ta buɗe idon da ta kwana biyu ba ta buɗe ba. Safiya ta biyu ta yi ta murƙususu ina riƙe da ita. Safiya ta uku muka kai ta bayan gida. Ba zan ba ki lissafi ba, kin ci abinci. Goggo dai ta tsaya a kansu, ta rusuna kaɗan, ta ce, "A sauka lafiya. A gaida mutan gida." Ta tura ƙasa ta rufe.

Da hantsi Delu ta ja bakin zanena ta ce, "Inna, tuwo. Ba zuma ba."

Na yi alwala na yi raka'a biyu a kan tabarmar malamai.

Sauran kin sani, ko kuwa kina tsammanin kin sani. Na dawo Dunkum bayan wata biyar, Delu na tafiya da ƙafarta. Na tarar da ɗanki Barmo ciki kamar tulu. Ko wanka ban yi ba na zo miki da gaskiya tsirararta, na ce maza ki je gindin Sosa-akuya ki sassaƙo. Kin tuna abin da kika ce mini? Ni na tuna.

Kika ce, "Yalwa, wata biyar kina yawon duniya, ki dawo ki ce in ba ɗana abin da akuya ke sosa gindi da shi? In rowa za ki yi mini, ki yi ta a fili."

Na je gida uku bayan naki, amsar ɗaya ce. A gida na huɗu har tsintsiya aka ɗaga mini.

Washegari da sassafe na fita kamar mai neman itacen girki. Na sassaƙo, na shanya a bayan rumbu, na daka, na tankaɗe, na ƙulle a ƙyallen alharini. Na ɗauko takardar Iya Gwamma da alƙalamin Malam, na dangwala tawada, na mayar da ɗigon inda ƙuda ya ajiye shi. Na zo miki na ce, "Ga Zakiya." Kika karɓa da hannu biyu, kika ce ai ke dama kin san gwada ki nake yi jiya. Barmo ga shi can yana kokawa da sa'o'insa.

Yanzu har daga ƙauyuka ake zuwa. Malam kuwa kullum bayan la'asar yana zaure yana yi wa maza bayanin asalin kalmar. Ya ce daga zaki take, kuma shi ya gano haka tun ranar da ya fara ganin takardar, shi ya sa ya tura ni. Shekaran jiya na ji ƙaninsa ya ce a'a, daga zaƙi take, har sun daina gaisawa. Ban yi tsammanin Birnin Tawada yana kusa haka ba.

Ni dai kowace safiya in na idar da salla nakan nemi gafarar ɗigon nan. Ɗaya ne tak, kuma Allah ya ga ba ni na fara ɗiga shi ba.

To kin ji, ƙawata. Na faɗa miki ne don in na riga ki tafiya a sami wadda ta san hanyar bakin gari. Gefen gabas ake sassaƙa, ludayi ƙarami, safiya uku. Amma don girman Allah kada ki faɗa wa kowa, ko mijinki, ko 'yarki ta ɗaki. Akwai yara bakwai a unguwar marina da suka sha na farko yau da safe, saura musu biyu. In iyayensu suka ji akuya ta riga su sanin wurin, gobe ba mai kawo ko ɗaya.